Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Gwamnan Kebbi Kan Ruwan Da Ke Cin Jinga Ta Ƙarƙashi

Zuwa ga Mai Girma Gwamnan Jihar Kebbi,
Kwamared Dakta Nasir Idris, Ƙauran Gwandu,
Gidan Gwamnati, Birnin Kebbi.



Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka da duk masu taya ka riƙon wannan amana. Allah ya yi maka jagora, ya ba ka mashawarta na gari. Ta hannunka kuma ina miƙa gaisuwar ban girma ga iyayen ƙasa, Mai Martaba Sarkin Gwandu, Alhaji Muhammadu Iliyasu Bashar, da Mai Martaba Sarkin Kabin Argungu, Alhaji Sama'ila Muhammad Mera, domin talakawansu ne ke kwana a bakin ruwan da zan yi magana a kansa. Allah ya ja zamaninsu.

Ranka ya daɗe, ba son a san da ni ya sa na kawo wannan magana bainar jama'a ba. Ni da wasu 'yan'uwa, manoman fadama da tsofaffin ma'aikatan da suka san aikin ruwa, mun bi ƙofofin da aka saba bi. An karɓe mu da fara'a, an karɓi takardunmu, an ce za a duba. Damina ta zo ta wuce, wata ta biyo bayanta, ba mu ji an duba ba. Shi ya sa na zo ƙofarka, kuma na zo ta inda kowa zai ji, saboda maganar ta kowa ce.

Duk shekara idan aka tashi zancen ambaliya a jihar nan, ido yana kan ruwan da ke hawa sama ne: gulbi ya kawo, ya kai ina, saura taku nawa ya haura jinga ko ya shafe titi. Wannan ruwan kowa na ganinsa, har yaro. Akwai wani ruwan da ba a gani, wanda ke ratsa cikin jinga da madatsar ruwa da gindin titi a hankali, yana kwasar ƙasa ƙwaya-ƙwaya, har ranar da ginin zai zube alhali gulbi bai kai bakinsa ba. Masanan da suka tattara tarihin madatsun ƙasa da suka fashe a duniya sun samu cewa kusan rabinsu wannan ruwan na ciki ne ya kashe su. Kuma abin da ya fi damuna shi ne, a yau ana iya auna shi, a lissafa tafiyarsa a kwamfuta, a san wurin da zai ɓullo tun bai ɓullo ba. Mu dai ba a nuna mana an yi wa kwarin Rima wannan lissafi ba.

Kai malami ne kafin ka zama gwamna, har ka shugabanci ƙungiyar malaman makaranta ta ƙasa baki ɗaya. Don haka ka ba ni dama in yi bayanin abin dalla-dalla, na san ba za ka ƙosa ba.

Duk wanda ya tashi a gidan ƙasa ya san katanga ba ta faɗuwa daga sama. Naso ne ke kama gindinta, ƙasar ta jiƙe ta saki, sai wata rana da asuba a ji rugum, alhali jiya kanta lafiya lau yake. Haka jinga take. Idan ruwa ya tsaya a gefe ɗaya da tsayi, ɗaya gefen kuma babu, to ruwan zai nemi hanya ta cikin ƙasar. Tun 1856 wani injiniyan Faransa mai suna Henry Darcy ya gano ƙa'idar wannan tafiya: yawan ruwan da ke ratsawa ya dogara ne ga bambancin tsayin ruwa tsakanin gefen biyu, da nisan hanyar da zai bi, da irin ƙasar, domin rairayi na ba ruwa hanya fiye da laka nesa ba kusa ba. Ratsawar ita kaɗai ba laifi ba ce, babu madatsar ƙasa a duniya da ba ta tsattsafo da ruwa. Masifar tana farawa ne lokacin da ruwan ya yi ƙarfin da zai ɗauki ƙasa ya fita da ita. Sai ka ga wani ɗan ido yana ɓuɓɓugowa a bayan jinga, ya tara rairayi a kewayensa. Daga wannan idon rami ke farawa, yana ci da baya, yana nufar gulbi ta ƙarƙashin ginin. Kullum ramin ya ƙara tsawo, hanyar da ta rage wa ruwan ta gajarta, ƙarfinsa ya ƙaru. Ranar da ramin ya haɗe da gulbi, aikin ya gama, cikin 'yan sa'o'i kawai. Abin lura guda ɗaya ne, kuma manomin da bai taɓa shiga aji ba zai iya riƙe shi: idan ruwan da ke fitowa garau ne, da sauran sauƙi, idan ya fito da dauɗa, jingar ce ke fita a cikinsa.

An ga haka ƙuru-ƙuru a Amurka. Madatsar Teton a jihar Idaho, mai tsayin mita 93, sabuwa ce fil, karon farko ke nan ana cika ta. Da safiyar 5 ga Yuni 1976 ma'aikata suka ga ruwa mai laka yana fita daga jikinta. Aka turo katafila don a toshe ramin, ramin ya haɗiye su, direbobin suka sha da ƙyar. Kafin azahar madatsar ta tafi, mutum 11 suka rasu. Ruwa bai haura kanta ba ko da taku ɗaya. Haka a birnin New Orleans a 2005, lokacin guguwar Katrina, katangar magudanar London Avenue ta ɓalle ne saboda ruwan da ya bi ta rairayin da ke ƙarƙashinta.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne na Japan, ko da yake mu ba mu da teku. A bakin tashar jiragen ruwa ta garin Kamaishi an gina katangar tare igiyar teku wadda gindinta ya kai zurfin mita 63, babu irinta a duniya. An fara ta a 1978, ba a gama ba sai 2009, shekara 31 ana aiki. Manyan akwatunan kankare ne, kowane kamar bene, aka jera a kan tudun duwatsu da aka zuba a ƙasan teku. Ranar 11 ga Maris 2011 igiyar tsunami ta zo, ta tunkuɗe yawancinsu. Da injiniyoyin ƙasar suka zauna bincike, ba su tsaya ga cewa igiyar ta yi girma ba. Sun sake gina abin da ya faru a ɗakin gwaji da kuma cikin kwamfuta, suka ga ruwa ya taru ta gefen teku ya fi na cikin tasha tsayi da mitoci da yawa, kuma ya daɗe a haka. Wannan bambanci ya tura akwatunan, ya kuma tilasta ruwa ya bi ta tsakankanin duwatsun da ke ɗauke da su, ya rage musu ƙarfin riƙo, ga wanda ke zubowa ta sama yana ƙwaƙule gindin ta baya. Da suka fahimci haka sai suka sauya tsarin ginin irin waɗannan katangu, suka riƙa ƙara tudun duwatsu a bayansu da lulluɓe shi da abin da ruwa ba zai kwashe ba. Sun kuma lissafa cewa duk da faɗuwarta, katangar ta jinkirta isowar ruwan cikin gari da kimanin minti 6. Mutanen da ke iya faɗin minti nawa gininsu ya saya wa jama'a, su ne suka ɗauki ran talaka da daraja.

Na kawo Kamaishi ne saboda abin da ya kayar da ita yana nan a fadamarmu. Duk titin da aka ɗaga ya ratsa fadama, irin wanda ya tashi daga Birnin Kebbi ya nufi Makera, jinga ce ko ba a kira shi da sunan ba. Idan gulbi ya kawo, kwalbatoci da gadoji suka kasa wuce da ruwan, sai ya taru ta sama ya fi na ƙasa tsayi, ya kwana a haka makonni. Igiyar teku tana zuwa ta koma cikin sa'a. Namu ruwan yakan yi wata yana jingine da ƙasar da ba a gina ta don riƙe ruwa ba. Shi ya sa titi ke yankewa a gefen kwalbati, inda ƙasa ta haɗu da kankare, domin nan ne ruwa ya fi samun sauƙin bi.

Ga kuma yanayin ƙasar tamu. Tambayi duk mai haƙa rijiyar noman rani daga Augie zuwa Bunza, zai gaya maka abu ɗaya: laka ce a sama, kana huda ta ka faɗa rairayi mai ruwa. Wannan shi ne arzikinmu, shi ya sa ƙaramin injin ban ruwa ke ciyar da gida. Amma ga mai gina jinga babu tsarin ƙasa da ya fi wannan haɗari. Ruwan gulbi na shiga rairayin, ya wuce ta ƙarƙashin jinga, ya danno lakar da ke bayanta daga ƙasa. Inda lakar ta yi kauri, sai ta riƙe. Inda aka kwashe ta, ko don cikon jingar kanta, ko don bulo, ko tifa ta ɗebi yashi, ko tsohuwar hanyar gulbi ce da ta cike, nan ruwan zai huda.

Ranka ya daɗe, yanzu ga kukanmu.

Na farko, muna kwance a ƙarƙashin manyan madatsun ƙasa guda biyu da suka manyanta. Bakolori, a kan gulbin Sakkwato kusa da Talatar Mafara, an gama ta a 1978, tana ɗaukar ruwa kubik mita miliyan 450. Goronyo, a kan gulbin Rima, an gama ta a 1984, tsayinta mita 21, tsawonta kilomita 12.5, cikinta ya haura kubik mita miliyan 900. Gulaben biyu suna haɗuwa kusa da Sakkwato, daga nan kuma babu inda ruwan zai bi sai Augie, Argungu, Birnin Kebbi, Kalgo, Bunza, Suru, har ya faɗa Neja. Ban ce ɗayansu na shirin fashewa ba, Allah ya kiyaye, kuma ba zan tayar wa jama'a da hankali a kan zato ba. Tambaya nake yi. Madatsa irin wannan akan binne mata bututun auna matsin ruwa a cikin jikinta, a yi mata magudana a gindi inda ake auna abin da ke tsattsafowa. Nawa ne daga cikin waɗannan ma'aunai ke aiki yau? Wa ke karanta su, kuma sau nawa? Me suka nuna a 2010, lokacin da aka saki ruwan Goronyo a watan Satumba ya ci garuruwa, har ya yanke gadar hanyar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo? Me suka nuna bayan 2018, shekarar da tafkin ya ƙafe har hukuma ta ce abin da ya rage bai wuce kashi 10 cikin 100 ba? Ƙasar da ta bushe ta tsage sannan ruwa ya dawo ya cika ta, ita ce aka fi jin tsoro. Kilomita 12.5 ba ƙaramin tsawo ba ne, kuma gara da ɓera da saiwar itace ba su san darajar dam ba.

Na san za a ce madatsun na Gwamnatin Tarayya ne, suna hannun Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima, kuma ko a cikin jiharka ba suke ba. Gaskiya ne. Amma idan wani abu ya faru, ba a Abuja za a yi jana'iza ba. Bankin Duniya ya zuba kuɗi a shirin TRIMING tun 2014, wanda ya shafi Bakolori da yankin Goronyo, kuma lafiyar madatsu na cikin abin da aka ce za a duba. Idan an duba, sakamakon haƙƙin mutanen da ke ƙasan ruwan ne su ji shi. Gwamnan Kebbi yana da bakin da zai nema a ba shi, manomin Augie ba shi da shi.

Na biyu, aikin Zauro. Tun ƙarshen shekarun 1960 ake zancen killace fadamar da ke tsakanin Argungu da Birnin Kebbi da jinga, a mayar da fiye da hekta 10,000 gonakin da ambaliya ba ta taɓawa. A 1982 aka yi na gwaji mai kimanin hekta 100. Yaran da aka haifa a shekarar yanzu suna aurar da 'ya'ya, babban aikin bai tabbata ba, kuma duk gwamnatin da ta zo sai ta sake ɗaga zancensa. Ni ina cikin masu son a yi shi. Sai dai ina tsoron a yi shi da gaggawar siyasa. Jinga mai tsawon kilomitoci a kan laka mai rairayi a ƙarƙashi, idan ba a lissafa ruwan ƙasa ba, tarko ce: jama'a za su amince da ita, su matso da gidaje da rumbuna bayanta, ranar da ta ɓalle ruwan ya zo musu lokaci ɗaya, ba a hankali yadda kakanninsu suka saba da shi ba. Sannan ruwan da aka hana shiga hekta 10,000 ba ɓacewa zai yi ba, wani wuri zai koma. Wane ƙauye ne zai karɓe shi? Me zai faru da tafkunan da kifi ke ƙyanƙyasa a cikinsu, waɗanda Sarkin Ruwa da masuntan Kabi suka dogara da su, waɗanda kuma su ne ke cika Matan Fada ranar bikin kamun kifin da aka fara tun 1934, har UNESCO ta sa shi cikin gadon al'adun duniya a 2016? Ita ƙaramar jingar gwajin ta sha ambaliya fiye da shekara 40. Duk inda ta yi naso, duk inda aka yi mata faci, darasi ne da ba a saya da kuɗi. A karanta ta kafin a gina babbar.

Na uku ba ya buƙatar dogon bayani, domin kowa ya gani. A 2015 a jihar nan Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin bai wa manoman shinkafa rance na Babban Bankin Najeriya. Aka yi shinkafar Lake da haɗin gwiwar Legas, aka buɗe kamfanin WACOT a Argungu a 2017, ga kamfanin Labana a Birnin Kebbi. Sai damina ta 2020 ta zo, rahotannin lokacin suka ce ruwa ya shafe kimanin hekta 450,000 na shinkafa a jihar, ya karya gadoji, ya raba garuruwa da juna. Bayan kowace ambaliya ana gyara, kuma muna godiya. Amma gyaran da muke gani shi ne a zuba jar ƙasa a ramin, a daddanne, a shafa kwalta, a mayar da abin yadda yake kafin ya karye. Abin da ya karya shi yana nan yana jiran wata daminar. Kuɗin jiha ne ke tafiya sau biyu, sau uku, a wuri ɗaya.

To mene ne wannan lissafin kwamfuta da nake ta ambato? Ba wani abin al'ajabi ba ne. Injiniya zai je wurin, ya huda ƙasa a wurare da dama, ya ɗebo samfur, ya san ina laka ta tsaya, ina rairayi ya fara, kuma kowanne yaya yake ba ruwa hanya. Sai ya zana yankan jingar a kwamfuta, manhaja ta rarraba zanen zuwa dubban ƙananan gutsattsari, ta bi su ɗaya bayan ɗaya da ƙa'idar Darcy. Daga nan sai ya fara yi mata tambayoyi. Idan gulbi ya kai tsayin da ya kai a 2020 ya tsaya kwana 30, ina naso zai kai a jikin jingar? A wane wuri matsin ruwan ƙasa zai fi nauyin lakar da ke danne shi? Idan ruwan ya janye da sauri, gefen da ke fuskantar gulbi zai zame? Wannan na ƙarshen mutane da yawa ba su san shi ba: jinga kan zube bayan ruwa ya tafi, saboda cikinta na ɗauke da ruwa, abin da ke tokare da ita kuma ya janye. Sai a gwada magani tun a kan allo, kafin a kashe ko kwabo: a faɗaɗa gindin, ko a shimfiɗa matacin yashi da tsakuwa da zai bar ruwa ya fita ya riƙe ƙasa, ko a haƙa rijiyoyin rage matsi a bayan jingar, ko a ƙara kwalbati. Kowanne za a ga amfaninsa da tsadarsa. Akwai kuma lissafi na biyu, na inda ruwa zai bi idan abin ya faru duk da haka: sa'a nawa zai ɗauka daga Goronyo zuwa Argungu, wace unguwa zai fara shiga, wane titi zai rage a buɗe don gudu. Manhajar HEC-RAS da ake wannan aiki da ita kyauta ce, injiniyoyin sojan Amurka ne suka yi ta suka sake wa duniya. Ta ratsawar ruwa kuwa, irin su SEEP/W da PLAXIS, kuɗinsu bai kai na motar ofis guda ba. Mutanen Holan, waɗanda ƙasarsu ke bayan jinga, har jinga ta gaske suka gina a 2009 suka bar ruwa ya ci ta da gangan, don su gwada ko lissafinsu na faɗin gaskiya.

A nan dole in ja kunne, ranka ya daɗe. Kwamfuta ba ta san fadamar Zauro ba, abin da aka ba ta shi take dafawa. Idan aka ba kamfani kwangila ya zauna a Abuja ya cika ta da alƙaluman da ya kwafo daga littafi, zai kawo maka rahoto mai hotuna masu launi, kuma wannan rahoton ya fi rashinsa haɗari, domin zai sa a saki jiki. Aikin gaskiya yana cikin rana da taɓo: huda ƙasa, kafa ma'aunin tsayin gulbi a gadoji, karanta shi kullum, da zama da masu haƙa rijiya da masunta da dattawan ƙauye waɗanda suka san inda gulbi ya taɓa bi shekara 50 da suka wuce. Muna da Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, muna da jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha a Aliero, muna da Kwalejin Waziri Umaru, ga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a maƙwabta, ga Cibiyar Nazarin Albarkatun Ruwa ta Ƙasa a Kaduna. Idan aka bar ilmin a hannun 'ya'yanmu, zai zauna a nan ana sabunta shi duk shekara. Idan baƙo ya zo ya yi, zai tafi da shi a jakarsa.

Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Madatsar Bagauda ta fashe a Kano a 1988. Ta Gusau ta ɓalle a ƙarshen Satumba 2006. A 2020 jinga ta karye a Yamai, ruwan Neja ya shiga unguwanni da gonakin shinkafa. A Derna ta ƙasar Libiya madatsu biyu suka tafi a Satumba 2023 da dubban rayuka, bayan wani masanin ƙasar ya wallafa gargaɗi shekara guda kafin nan. Sai madatsar Alau, ranar 10 ga Satumba 2024, da ta nutsar da babban ɓangare na Maiduguri cikin dare. Kowacce da sanadinta, ba duka ruwan ƙarƙashi ne ya ci su ba. Abin da ya haɗa su shi ne mutanen da ke ƙasa ba su san halin da abin da ke samansu yake ciki ba, sai da ruwa ya tashe su daga barci. Mun yarda da ƙaddara, babu Musulmin da zai musa ta. Amma wanda ya ba mu ruwa shi ya ba mu hankalin auna shi, kuma zai tambayi shugaba abin da ya yi da dama da aka ba shi.

Saboda haka, Ƙauran Gwandu, ga abin da muke roƙo.

Muna roƙon ka rubuta wa Ministan Albarkatun Ruwa, Farfesa Joseph Utsev, da Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima, ka nemi rahoton binciken lafiyar Goronyo da Bakolori na baya-bayan nan, tare da abin da ma'aunan cikinsu ke nunawa. Ka jawo takwarorinka na Sakkwato da Zamfara cikin maganar, domin murya uku ta fi ɗaya. Abin da aka samu a faɗa wa jama'a da Hausa a gidan rediyon jiha, mai daɗi ne ko marar daɗi. A kuma yi yarjejeniya a rubuce kan sa'o'in gargaɗin da za a ba Kebbi kafin a buɗe ƙofofin dam.

Muna roƙon ka kafa ƙaramin ayarin injiniyoyi daga makarantunmu da ma'aikatun ayyuka da na ruwa, a ba su kuɗin aiki na gaske, su bi duk jinga da duk titin da ya ratsa fadama daga Augie zuwa Suru a cikin rani ɗaya, su huda ƙasa, su yi lissafin, su jera wuraren bisa girman haɗarinsu. Su fara da inda ya taɓa karyewa. Daga yanzu kuma kada a sa hannu a kwangilar jinga ko titin fadama, har da aikin Zauro idan ya taso, sai an ga lissafin ratsawar ruwa a cikin takardun, kuma wani masani da ba shi da hannu a kwangilar ya duba shi.

Muna roƙon a hana ɗibar ƙasa da yashi a gindin jinga da gindin titi, a sanya iyaka sananniya, a ɗora kula da ita a kan hakimai da dagatai.

Roƙo na ƙarshe shi ne mafi araha, kuma ana iya fara shi a wannan watan. A zaɓi mutane a kowane ƙauyen da ke bakin jinga, a koya musu abin da za su duba idan gulbi ya kawo: tsagewa, lotsawa, ramin gara, wurin da ciyawa ta yi kore ita kaɗai, da idon ruwa mai fitar da rairayi. A koya musu cewa irin wannan idon ba a toshe shi, kewaye shi ake yi da buhunan yashi har ruwan ya taru ya daina fito da ƙasa. A ba su lambar waya guda wadda idan an kira cikin dare za a ɗauka.

Ranka ya daɗe, ba mu nemi a gina mana sabon abu ba tukuna. Mun nemi a san halin da abin da muke da shi yake ciki, a kuma gaya mana. Rani ne kaɗai lokacin wannan aiki, domin da zarar ruwa ya sauka a fadama babu injin huda ƙasa da zai shiga. Muna roƙon ka ba da umarni tun yanzu, kuma muna sauraron amsarka ta inda muka yi tambayar, a gaban jama'a.

Allah ya taimake ka, ya tsare Jihar Kebbi da mutanenta.

Wassalamu alaikum.

Naka mai biyayya,
Wani manomin fadama, a madadin 'yan'uwansa,
Birnin Kebbi.